Daga titi na 125 zuwa na 116: abin da sana'ar kai ta samar wa fataken Nijar a Harlem

A safiyar 17 ga Oktoba 1994 'yan sandan birnin New York suka cika titi na 125 a unguwar Harlem, suka hana kowa kasa kaya a gefen hanya. Umarnin ya fito ne daga magajin gari Rudolph Giuliani, wanda a lokacin bai cika shekara guda a kan kujera ba. Masu tebur a wannan titi sun kai kimanin dubu. Akwai baƙaƙen fatar Amurka, akwai mutanen tsibiran Karibiyan, sai kuma 'yan Afirka ta Yamma da suka fito daga Sanagal, Gambiya, Mali, Gini da Nijar. A cikin na Nijar akwai Hausawa da Zabarmawa da Fulani. Kowannensu kansa yake yi wa aiki, da jarinsa da teburinsa da abokan cinikinsa. Rana ɗaya aka raba su da inda abincinsu yake.

Akwai daɗaɗɗiyar muhawara tsakanin masana tattalin arziki da masana zamantakewa a Amurka a kan baƙon da ya shigo ƙasa neman kuɗi. Idan ya kama sana'ar kansa, shin samunsa yana wuce na ɗan'uwansa da ya shiga aikin albashi, ko kuwa wahala kawai ya ƙara wa kansa? Abin da ya sami fataken Harlem yana haska wannan tambaya sosai, domin mutanen su ne dai, hajarsu ita ce dai, ƙwarewarsu tana nan daram, wurin tsayawa kaɗai aka canza musu. An kuma yi sa'a akwai wanda ya bi diddigin rayuwarsu. Paul Stoller, masanin al'adun al'umma na Jami'ar West Chester, ya daɗe yana bincike a yammacin Nijar har ya ji Zabarmanci. Daga 1992 ya riƙa zama da su a bakin teburansu shekara da shekaru, ya kuma wallafa abin da ya gani a 2002.

Abin da ya fito da su daga gida sananne ne ga duk wanda ya rayu a wancan zamani. Nijar ta shiga shekarun 1980 tana taƙama da kuɗin yuraniyom, sai farashinsa ya faɗi. Fari ya sake zuwa a 1984 bayan wanda aka sha a 1973. Zuwa farkon shekarun 1990 ma'aikatan gwamnati kan yi watanni ba su ga albashi ba, kuma in ma'aikaci bai samu ba, ɗan kasuwa ma zaman jiran tsammani yake yi. Da yawa daga cikin waɗanda suka ƙare a Harlem sun riga sun yi shekaru suna kasuwanci a Abijan kafin su tsallaka teku. Can ma farashin koko ya karye a ƙarshen shekarun 1980, gwamnati kuma ta ɗora wa baƙi katin zama na kuɗi. Faransa, wadda a da can mai jin Faransanci yake nufa, ta tsaurara biza tun daga 1986. Jirgin Air Afrique kuwa yana tashi daga Dakar ya sauka New York. 'Yan Sanagal, musamman Muridawa almajiran Shehu Ahmadu Bamba, su suka share wannan hanya tun farkon shekarun 1980, suna sayar da agogo da laima da tabarau a tsakiyar Manhattan. Labarin cinikinsu ya bazu, sauran suka biyo baya. A Janairun 1994 aka karya darajar Sefa da rabi, dalar da aka aika gida ta koma tana kawo ninki biyu na abin da take kawowa jiya. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai shirin komawa ya kwance kayansa.

Me ya sa tebur, ba aikin albashi ba? Wanda ya sauka da bizar ziyara, bayan 'yan watanni wa'adinsa ya ƙare. Dokar shige da fice ta 1986 ta haramta wa kamfani ɗaukar wanda ba shi da izinin aiki, ta kuma wajabta a duba takardun mutum kafin a ɗauke shi. Abin da ya rage wa irin wannan baƙo shi ne wankin kwanuka a gidan abinci, ko wankin mota, ko dakon kaya a shago, a biya shi a hannu yadda mai wuri ya ga dama. Ko da an ba shi mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka, daga 1991 zuwa 1996 dala 4.25 ne a awa. Awa arba'in a mako ya kama dala 170, kafin a cire haya da abinci da kuɗin jirgin ƙasa. Mutum ne da ya iya Hausa da Zabarmanci da Faransanci, wataƙila har da Jula, ya yi karatun allo, ya riƙe shago a Abijan, amma a kasuwar ƙwadago ta New York ba a lissafa masa ko ɗaya daga cikin waɗannan, tunda Turancinsa bai nuna ba kuma ba shi da takarda.

A bakin tebur kuwa duk abin da ya koya yana da rana. Ya san yadda ake karanta fuskar mai saye, ya san yadda ake neman wurin sari, ya san yadda ake juya ƙaramin jari sau da yawa kafin wata ya mutu. Ya kuma zo da tsarin da kakanninsa suka yi fataucin goro da shi tsakanin Kano da Gwanja. Baƙo zai sauka wurin wanda ya riga shi, a ba shi wurin kwana, a ba shi kaya bashi, ya tsaya gefen teburin mai gidansa har ya gane gari, sannan ya kafa nasa. Da yawa sun zauna a cunkushe a tsohon otal ɗin Park View da ke titi na 110, don a rage kuɗin haya. Banki ba ya ba marar takardu rance, kuma ko da zai bayar, da yawansu ba za su taɓa bashin ruwa ba. Amana ce ta tsaya a madadin banki, kuma tana da nata hukuncin: wanda ya ci kuɗin kayan wani, sunansa zai ɓaci a Harlem, ya ɓaci a Abijan, ya ɓaci a garinsu.

Wannan yana da muhimmanci ga duk mai son auna samun baƙo. Ga waɗannan mutane, zaɓin da ke gabansu tebur ne ko wankin kwanuka. Aikin ofis mai albashi da fansho bai taɓa kasancewa a kan faifai ba. Idan an ɗora waɗannan biyun a sikeli, a lokacin da kasuwa take ci, tebur ya fi nesa ba kusa ba. Ga kuma abin da ba a rubutawa a lissafi amma su suna ba shi daraja: mutum yana tashi ya yi sallah a kan lokaci, maƙwabci ya duba masa kaya, ya je Juma'a ba tare da roƙon kowa ba, babu mai ɗaga masa murya.

Titi na 125 shi ne cibiyar Harlem. Gidan wasa na Apollo yana kansa, layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa da dama suna da tasha a nan, manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suna sauke baƙi daga Turai da Japan. A waɗannan shekaru baƙaƙen fatar Amurka suna ɗokin duk abin da ya shafi Afirka, suna son tufafin da zai nuna asalinsu, suna sayayya don bikin Kwanzaa na ƙarshen shekara. Da fim ɗin Spike Lee a kan rayuwar Malcolm X, fitaccen jagoran baƙaƙen fatar Amurka, ya fito a 1992, hula da riga masu harafin X suka zama abin yayi, fataken kuwa suka bi yayin tun da zafinsa. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne yawancin hajar ba ta taɓa ganin Afirka ba. Stoller ya nuna yadda ake buga kwaikwayon ƙyallen kente na Gana a masana'antun 'yan Asiya a jihar New Jersey, a ɗinka shi huluna a unguwar 'yan China da ke kudancin Manhattan, Bahaushe ya saro daga hannun ɗan Koriya ko ɗan China a Broadway ko titin Canal, ya hau da shi Harlem ya sayar wa Ba'amurken da ke neman abin gida. Akwai kayan Afirka na ainihi, jakunkunan fata da sassaƙe da duwatsun wuya, amma abin da ya fi tafiya kullum shi ne huluna da riguna da kaset ɗin bidiyo. Wasu daga ciki jabu ne masu tambarin manyan kamfanoni. Wannan laifi ne a dokar ƙasar, bai kamata a rufe shi ba, kuma yana cikin abin da ya riƙa ja musu ƙwacen kaya. Masu ƙarfin hali ba su tsaya Harlem kaɗai ba. Sukan haɗa kuɗi su ɗauki motar kaya, su bi bukukuwan bazara da baje-kolin baƙar fata a birane irin su Chicago, Detroit da Atlanta, su kwana a hanya, su dawo su raba riba.

Sai dai cinikin rana daban, samu daban, kuma a nan ne labarin da ake kai wa gida yake yaudarar matasa. Daga abin da ya shiga aljihu da yamma, sai an ware uwar kuɗi a mayar wa mai sari. Sai kuɗin ɗakin ajiya, da na motar da take kawo kaya da safe ta kwashe da dare. Sai tara idan ma'aikata sun zo, wani lokaci kuma kayan gaba ɗaya a tafi da su, alhali na bashi ne. Daga bayan Kirsimeti zuwa Maris sanyi da ƙanƙara suna korar mutane daga titi, abin da aka tara da bazara shi ake ci. Ranar ruwa babu ciniki. Ranar ciwo babu ciniki, babu kuma inshorar lafiya a ƙasar da kwana ɗaya a asibiti zai iya cinye ribar watanni. Ana fita tun safe sai duhu, kwana shida ko bakwai a mako. Idan aka ɗauki ribar shekara aka raba ta da awannin da mutum ya yi a tsaye, tazarar da ke tsakaninsa da mai wankin kwanuka tana raguwa ƙwarai. Ga tsufa yana tafe. A Amurka mai aikin albashi shi da kamfaninsa suke raba kuɗin asusun tsufa da na lafiyar tsofaffi, amma mai sana'ar kansa shi kaɗai yake biyan kashi 15.3 cikin ɗari. Wanda bai yi rajista ba ya tsira da wannan kuɗi a yau, gobe kuma ba shi da abin karɓa.

Abin da ya rage bayan duk wannan, gida yake tafiya: abincin iyaye, kuɗin makarantar yara, maganin mara lafiya, ragon layya, bikin ƙanwa, ginin da aka fara a Yamai. Ba zan kira wannan asara ba, domin shi ne dalilin tafiyar tun farko, kuma gidaje da yawa da shi suka tsallake shekarun wuya. Amma gaskiya ce cewa jarin da ake yanka duk wata ba ya girma. Shi ya sa mutum zai shekara biyar yana ciniki mai kyau, teburinsa yana nan yadda ya fara shi.

Korar 1994 ba daga sama ta faɗo ba. Masu shaguna a titin sun daɗe suna kuka cewa su suna biyan haya da haraji, ga wasu sun tare musu ƙofa suna sayar da kaya da araha. Mazauna unguwa suna kukan cunkoso da shara. Koken nan yana da tushe. Magajin garin da ya gabata, David Dinkins, ya so ya kawar da masu tebur amma ya ja da baya da ya ga zanga-zanga. Giuliani bai ja da baya ba. A ƙarshen wannan shekara kuma gwamnatin tarayya ta sa arewacin Manhattan cikin yankunan da za a zuba wa kuɗi don jawo manyan kamfanoni, kuma zuwa 2000 an buɗe katafaren rukunin kantuna na Harlem USA a kan wannan titi. Mafitar da aka ba masu tebur ita ce wani fili a mahaɗar titi na 116 da Lenox, ƙarƙashin kulawar Masallacin Malcolm Shabazz, inda za su kama rumfa su riƙa biyan haya. Daga baya aka mayar da kasuwar wani wuri da aka gina mata a kan titin na 116.

Tsakanin wuraren biyu layi tara ne kawai, bai kai kilomita ɗaya ba. Amma cinikin titi na 125 na mai wucewa ne, wanda ya fito daga jirgi ko daga banki ya hangi hula ya tsaya. A titi na 116 sai wanda ya yi niyyar zuwa. Ciniki ya ragu, ga haya ta hau kai. Wanda ya kama rumfa ya sami kwanciyar hankali, an daina ƙwace masa kaya, sana'arsa ta shiga rajista, amma ya biya wannan da wani kaso na samunsa. Sauran suka watse. Wasu suka gangara titin Canal da sauran unguwanni suna wasan ɓuya da 'yan sanda. Wasu suka koma tuƙin motar haya ko gadi ko aikin shago. Wasu suka bar New York zuwa garuruwa irin su Greensboro a jihar North Carolina, inda akwai aikin masana'anta kuma 'yan Nijar suka taru da yawa. Wasu suka koma gida.

A nan binciken masana yake haɗuwa da abin da ya faru a titi. A 1996 Alejandro Portes da Min Zhou suka ɗauki alƙaluman ƙidayar Amurka ta 1980, suka duba 'yan Kuba, 'yan China, 'yan Japan da 'yan Koriya. Suka gano cewa amsar tana rataye ne a kan yadda aka yi lissafi. In an tara daloli yadda suke aka raba, masu sana'ar kansu suna gaba. In an yi amfani da hanyar da take rage tasirin 'yan tsirarun da suka yi kuɗi sosai, fifikon sai ya dushe. Kamar dai a haɗa kuɗin babban dila ɗaya na Kantin Kwari da na masu tebur tara a raba goma, sannan a ce ga abin da ɗan kasuwar Kwari yake samu. Barton Hamilton, a binciken da ya fitar a 2000 kan Amurkawa gaba ɗaya, ya samu cewa mai sana'ar kansa da ke tsakiyar layi in an jera su bisa yawan samu, bayan shekara goma yana yi, samunsa yana ƙasa da abin da zai samu a aikin albashi da kusan kashi 35 cikin ɗari. Portes da Zhou sun dage cewa bai kamata a jefar da waɗancan 'yan tsiraru daga lissafi ba, domin su ne suke ɗaukar 'yan'uwansu aiki, su ba da bashi, su gina masallaci ko coci ko makaranta. Ina ganin suna da gaskiya a wannan. A Harlem ma waɗanda suka yi ƙarfi su suka riƙa saukar da sababbin zuwa.

To su wane ne suke kaiwa wancan mataki? 'Yan Koriya da suka mamaye shagunan kayan lambu a New York sun shigo ne bayan dokar 1965 da takardun zama, da yawansu da digiri da ɗan abin da suka tara, ga adashensu na gargajiya. Sun kama shaguna da yarjejeniyar haya a rubuce. Gujaratawan Indiya sun fara da sayen ƙananan otal-otal na bakin hanya, iyali gaba ɗaya suna kwana a ciki suna aikin, har ƙungiyarsu take cewa a yau membobinta sun mallaki kusan kashi 60 cikin ɗari na otal-otal ɗin Amurka. Waɗannan ba su fi Bahaushen Harlem iya kasuwa ko juriya ba. Abin da suka fi shi da shi takarda ce da wurin da doka ta san nasu ne, wanda za a iya jinginarwa a karɓi rance, a sayar, ko a bar wa 'ya'ya. Shi kuwa abu mafi daraja a sana'arsa, wato wannan taku uku na gefen titi da dubban mutane suke wucewa, mallakar hukumar birni ne.

Matan Afirka ta Yamma masu kitso a Harlem sun ɗan sha bamban. Jarinsu a yatsunsu yake, babu ɗan sandan da zai loda shi a mota. Masanin tarihi Cheikh Anta Babou, wanda ya yi bincike a kan 'yan Sanagal daga cikinsu, ya nuna yadda kuɗin kitso ya ɗaga matsayin mata a gidajensu har ya taɓa zaman aure. Amma da masu yi suka yawaita, gasa ta karya farashi, har ta kai suna tsayawa bakin tashar jirgi suna kiran masu wucewa.

Mai karatu zai iya cewa, me ya hana fataken su nemi lasisi tun farko? Tun 1979 birnin New York ya ƙayyade lasisin masu sayar da kayan da ba abinci ba a titi zuwa 853 kacal, in ban da tsofaffin sojoji da doka ta keɓe, kuma adadin ya zauna a haka fiye da shekara arba'in a birnin da ya haura mutum miliyan takwas. Jerin masu jira ya yi tsawo har aka rufe shi. Izinin kekunan abinci ma an ƙayyade shi tun 1983, abin da ya haifar da kasuwar bayan fage inda mai izini yake ba da hayarsa a kan dubban daloli ga baƙon da yake tsayuwar. Sai a 2021 majalisar birni ta amince a riƙa ƙara 445 duk shekara har shekara goma, kuma wannan na masu abinci ne. Masu sayar da littattafai da zane-zane su ba sa buƙatar lasisin, saboda doka ta sa su ƙarƙashin 'yancin faɗar albarkacin baki, shi ya sa har bayan korar ake ganin teburan littattafai a titi na 125. Mai hula da jaka ba shi da wannan kariya. Ko yana da niyyar bin doka, ko yana da kuɗin biya, a wancan lokaci ƙofar a kulle take, kuma a ganina wannan rashin adalci ne da hukuma ta ƙirƙira da hannunta sannan ta riƙa hukunta mutane a kansa.

Matasan da suka shigo daga Gini, Sanagal da Muritaniya a 'yan shekarun nan, da yawansu kai abinci suke yi a kan keke mai batir ta manhajojin waya. A takarda su ma masu zaman kansu ne. Keken nasu ne, gyaransa nasu ne, haɗarin titi nasu ne, amma kamfani ne yake yanka farashi, shi yake raba aiki, shi kuma yake iya rufe asusun mutum a duk lokacin da ya so. Sai da masu wannan aiki suka haɗa kai suka matsa wa majalisar birni, sannan aka yanka musu mafi ƙarancin abin biya, dala 17.96 a awa ban da tukuici, wanda ya fara aiki a Disambar 2023.